Daga Ramin Kuza Zuwa Kuntigi: Tarihin Kiɗan Huce Gajiya a Garin Jos

Ina gajiya?

Na san amsar da za ka ba ni: "Ba gajiya." Haka muka taso muka ji ana yi, ko da kuwa mutum ya wuni yana dakon buhunan dankali a kasuwar Farin Gada har ƙafarsa ta koma kamar ba tasa ba. Mu mutane ne da muka sa gajiya cikin gaisuwa. Muna tambayarta safe da yamma, muna musanta ta, sannan kowa ya koma gida ya nemi abin da zai sauke ta da shi. Wani shayi, wani hira a majalisa, wani kuwa sai ya kunna wani abu ya kasa kunne. To, a kan wannan na ƙarshen nake so mu tattauna yau.

A shekarun da na yi a Ingila na tarar wannan abu ya zama kasuwa guda. Kana buɗe YouTube ko Spotify za ka ga an jera maka sautuka iri-iri, wai na kwantar da hankali: ƙarar ruwan sama, kukan tsuntsaye, igiyar teku, ga kuma fiyano ana taɓa shi a hankali kamar ana tsoron tada jariri. Masana lafiya sun ce kiɗa mai tafiya sannu-sannu yakan sassauta numfashi da bugun zuciya, kuma na gwada na ga yana aiki daidai gwargwado. Sai dai wanda ya tashi a Jos, inda ruwan Agusta kan kwana ya wuni yana dukan kwanon ɗaki, da wuya ka sayar masa da ƙarar ruwan sama. Da na dawo gida sai na shiga tambayar dattawa da tsararrakina abin da suke saurare idan sun gaji. Amsoshin da na samu, in ka jera su, tarihin garin ne gaba ɗaya. Kuma duk abu guda suke nunawa: a Jos, kiɗan da ke hutar da mutum shi ne wanda ya san irin gajiyarsa.

Garin da aiki ya kafa

Tun kafin zuwan Turawa waɗannan tsaunuka suna da mutanensu: Berom, Anaguta, da Afizere waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, da sauransu. Suna kuma da kiɗansu. Akwai kundung na Berom, wanda ake jera itatuwa a bisa ƙahonin shanu ana bugawa, akwai sarewar asharuwa ta Afizere. Kiɗa ne na taro, a fili ake yin sa, lokacin biki ko farauta ko bayan an tashi daga gona. A 1966 kamfanin Folkways na Amurka ya fitar da faifan kaɗe-kaɗen Filato da wani masani mai suna Stanley Diamond ya ɗauka, wanda ya zauna cikin Anaguta. Har yau mai nema zai same shi a intanet.

Kuza ce ta sauya komai. Maƙeran Ririwai sun daɗe suna narka ta, fatake suna kai ta kasuwanni. Turawan kamfanin Neja suka bi sawunta tsakanin 1902 da 1904 har suka kafa sansani a Naraguta. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru, a 1915 aka ayyana Jos a matsayin gari a hukumance, a 1927 kuma babban layin dogo daga Fatakwal ya iso ta Kafancan. Sai jama'a suka yi ta kwararowa: Hausawa 'yan cin rani daga Kano da Katsina da Zazzau da Bauci, Barebari, mutanen Nijar da Cadi, Yarabawa 'yan kasuwa musamman daga Ogbomosho, Ibo da Urhobo, har da akawuna daga Gana da Saliyo.

Ka san irin aikin kuwa? Diga da shebur da kwanon sarki. Wani yana sara a ƙasan rami, wani yana ɗebe ƙasar a ka yana hawa da ita, wani yana tsaye cikin ruwa yana wanke ta don kuza ta kwanta. Ga shi garin yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, sanyin hunturu ya sha bamban da na Kano ko Sakkwato. Mutumin da ya wuni cikin ruwa a watan Disamba a Bukuru ko Barikin Ladi, idan rana ta faɗi, ba sai an koya masa ma'anar gajiya ba.

Daren bariki

Kowane kamfani yana da barikinsa inda leburori ke kwana, kowane bariki kuma yana da helumansa, da mahautansa, da masu tuwo, da magajiyarsa. Daren da aka yi biya, nan ne ake cin kasuwar dare. Masu goge su kafa, masu kalangu su kafa, 'yan dambe su shiga fage, 'yan kama su ba da dariya, 'yan bori su yi nasu, 'yan caca kuma su shimfiɗa tabarma a gefe. Wannan shi ne kiɗan huce gajiya na farko da garin kuza ya sani. Babu wani sanyi a cikinsa. Kiɗa ne mai zafi, mai motsa jini, na mutanen da suka bar iyalansu a nesa suna neman kuɗin haraji da na aure.

Masanin tarihi Bill Freund, a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuza, ya nuna cewa wannan rayuwa ta bariki ta yi wa kamfanoni rana, domin leburan da kuɗinsa suka ƙare a daren biya, ko ya ci bashi, dole ya sake shiga rami da safe. Kakana, wanda ya zo daga ƙasar Katsina cin rani yana saurayi, Allah ya jiƙansa, ya taɓa taƙaita mini maganar da cewa, "Kai yaro, ba don goge ba da wasunmu sun zautu. Saboda goge kuma wasunmu ba su sake ganin gida ba." Daga nan ne kalmar "ɗan bariki" ta ƙara ɗaukar nauyin da take da shi a kunnen Bahaushe, daga nan ne kuma iyaye da yawa suka ɗauki ƙyamar kiɗan dare.

A ɗaya gefen garin, Turawan ma'adinai suna kulob-kulob ɗinsu a wajajen Rayfield, suna juya garmaho suna jin faya-fayan Landan. Akawuna da makanikai 'yan kudu kuma suna otal-otal na cikin gari suna rawar hailaif. Gari ɗaya, dare ɗaya, amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Diban gwamna

Shekarun da suka fi kowanne tsanani su ne na Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya da Singafo, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta. Sai ido ya dawo kan Filato. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa sarakuna su riƙa ɗebo talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, abin da mutanenmu suka laƙaba wa suna "diban gwamna". Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebo kimanin mutum 100,000. A 1943 aka haƙo kimanin tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba. Abinci bai isa ba, ɗakunan kwana ba su da kirki, sanyi da ciwon ƙirji suka kashe mutane, da yawa kuma suka gudu da ƙafa.

Abin da ya ba ni mamaki da na zauna a Ingila shi ne, a daidai wannan lokaci, tun daga watan Yunin 1940, gidan rediyon BBC yana da wani shiri mai suna Music While You Work, inda ake sa wa ma'aikatan masana'antun Ingila kiɗa mai daɗi don kada gajiya ta karya musu gwiwa. Wato hukumar da ta san cewa ma'aikaci yana bukatar kiɗa a Birmingham, ita ce ta ga leburan Filato ko bargo bai cancanta ba. Abin da waɗannan bayin Allah suka samu shi ne waƙar da suka zo da ita a bakinsu daga ƙauyukansu, suna rera ta a bakin wuta da dare. Ba wanda ya ɗauke ta a faifai.

Zaɓi sonka

Zaɓen kiɗa, irin wanda mutum zai ce "wannan nake so", ya zo wa talaka ne tare da rediyo. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, a daidai lokacin da ƙananan rediyoyi masu batir suka fara yawaita. Wanda ya yi wayo a wancan zamani ba zai manta da shirin Zaɓi Sonka ba. Mutum ya rubuta kati ya aika, ya zaɓi waƙar Shata ko Ɗanƙwairo ko Narambaɗa, sannan ya jero sunayen waɗanda yake gaisarwa, wani lokaci sunayen su fi waƙar tsawo. Aka kafa ƙungiyoyin 'yan zaɓe gari-gari, aka ƙulla zumunci tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

Ka lura da yadda abin yake, mai karatu: mutum ɗaya ne ke zaɓa, amma kowa ke ji. Rediyo ɗaya ce a teburin mai shayi, ko a shagon tela a Dilimi, ko a tashar mota ta hanyar Bauci. Direba da karensa, lebura, ɗan doka, malamin makaranta, duk suna zaune suna jin zaɓin wani baƙo daga Gusau ko Yola. Tunda Hausa ce harshen kasuwa da na titi a Jos, Ba'angashe da Baberome da Bayarabe duk suna fahimtar abin da Shata ke faɗa, suna kuma dariya a inda ake dariya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa Jos ta dā aljanna ce. A 1945 an yi faɗa tsakanin Hausawa da Ibo a kasuwar garin. A 1966 an kashe Ibo masu yawa, sauran suka tsere, otal-otal ɗin hailaif suka yi tsit sai bayan da aka gama yaƙin basasa a 1970. Amma duk da haka, a mafi yawan shekarun nan, maraicen Jos na kowa da kowa ne.

Maraya da gwangwanin kifi

A cikin wannan yanayi ne Allah ya fito da mutumin da kusan duk wanda na tambaya sai da ya ambaci sunansa. An haifi Adamu Wayya a Bukuru a 1946, wato shekara biyu bayan ƙarshen diban gwamna, a tsakiyar ƙasar kuza. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Ya rasu Adamu yana jariri, ba da daɗewa ba mahaifiyar ma ta bi shi, sarkin ya ɗauki riƙonsa. Daga nan ya samo sunan da duniya ta san shi da shi, Ɗan Maraya Jos. Yana yaro ya je Maiduguri ya ga masu kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa.

Mu tsaya kan kuntigin nan kaɗan. Ɗan ƙaramin abu ne, tsirkiya ɗaya tal, kuma yawanci da gwangwanin kifi ake yin ƙoƙonsa, a rufe shi da fatar akuya. To, me ake yi da kuza a Turai? Babban amfaninta a wancan zamani shi ne a narka ta a shafe ƙarfen gwangwani da ita don kada ya yi tsatsa. Ka ga ke nan, irin abin da leburori suka haƙo da guminsu, jirgi ya kwashe zuwa ƙetare, shi ne ya dawo mana a jikin gwangwanin kifi. Aka cinye kifin aka yar da gwangwanin, maraya ya ɗauka ya mai da shi abin lallashin 'ya'yan leburorin. Duk lokacin da na tuna wannan sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Me ya sa waƙarsa ke sauke gajiya? Ni dai dalili uku na gani. Na farko, babu hayaniya. Shata yana tafe da rundunar kalangai da 'yan amshi, waƙarsa ta fage ce, tana tayar da tsumi. Ɗan Maraya kuwa shi kaɗai ne, murya ɗaya, tsirkiya ɗaya, kamar wani ya zauna kusa da kai a kan benci yana ba ka labari.

Na biyu, ya san wa yake yi wa waƙa. A zamanin da manyan makaɗa ke bin fadoji da ƙofofin attajirai, waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota, wato yaron da ke rataye a bayan babbar mota, mai sa weji, mai kwana a ƙarƙashinta, wanda ba wanda ya taɓa tunanin ya cancanci kirari. Daga baya ya yi Mai Akwai da Babu, ya yi Jawabin Aure, da Auren Dole, da Gulma Wuya, da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali. Duba jerin nan da kyau. Duk abubuwan da ke hana mutum barci ne: rashin kuɗi, rikicin cikin gida, tsegumin maƙwabta, butulcin aboki. Ba ya ce maka ka manta da su. Yakan ɗauko su ne ya shimfiɗa a gabanka, ya kwaikwayi muryar miji, ya kwaikwayi ta mata, ya kwaikwayi ta magulmaciya, har ka tsinci kanka kana yi wa matsalarka dariya. Wanda ya yi wa damuwarsa dariya kuwa, ya rage mata nauyi.

Na uku, Hausarsa mai sauƙi ce, ta kan titi, irin wadda duk mazaunin Jos ke ji. Shi ya sa ya zama na kowa. A lokacin yaƙin basasa ya yi wa sojojin tarayya waƙa, daga baya ya zaga ƙasashen duniya da ɗan gwangwaninsa, ya samu lambar girmamawa ta ƙasa da lambar zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk da haka bai bar Jos ba har ƙarshen rayuwarsa.

Zamanin kaset

A shekarun 1970 kuɗin man fetur suka shigo, rakoda ta shiga gidaje, kuza kuma ta fara ja da baya. A 1976 aka ƙirƙiro jihar Filato, Jos ta ƙara zama garin ma'aikatan gwamnati da ɗaliban jami'a da 'yan kasuwa. A watan Oktoban 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya, shekara guda bayan haka gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu. Manyan injunan haƙa suka tsaya suna tsatsa, ramukan suka cika da ruwa suka zama tafkunan da muke gani a Rayfield da Bukuru. Gajiyar ma sai ta sauya kama. Da ciwon baya ne, yanzu ta koma ciwon kai: albashi bai isa ba, kuɗin makaranta, kuɗin haya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

A nan ne kiɗa mai sanyi ya samu shiga sosai. Duk wanda ya zauna a Jos ya san yadda mutanen Filato ke son waƙoƙin karkarar Amurka, na su Jim Reeves da Don Williams. Ka shiga tasi da yamma, muryar nan mai kauri tana fita a hankali, direba yana gyaɗa kai. Masu zuwa silima a Kwararafa da Rex suka fito da son waƙoƙin Indiya, na Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. A 1980 gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna wasan Cock Crow at Dawn, wanda aka ɗauka a yankin Jos, kuma waƙar buɗe shi ta Bongos Ikwue ta zama alamar cewa aikin yini ya ƙare, a zo a zauna.

Wasu kuma suka nemi natsuwarsu ta wata hanya dabam. A Jos ne aka kafa ƙungiyar Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, kuma wa'azinta ya sa gidaje da yawa suka ajiye kaset ɗin kiɗa suka ɗauki na tafsiri da na karatun Alƙur'ani, irin na Abdulbasit da Minshawi. 'Yan ɗariƙa suka riƙe ƙasidunsu da begensu. A ɓangaren Kirista, Jos ce hedikwatar manyan ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN, kuma waƙoƙin zumuntar mata, da Hausa, da kiɗan tulu, suna tashi daga unguwa zuwa unguwa da yamma. Panam Percy Paul ma a nan ya kafa sansaninsa. Ko mutum ya yarda da kiɗa ko bai yarda ba, bukatar dai ɗaya ce: a samu muryar da za ta kwantar da zuciya kafin a kwanta.

A gidan hayar da na girma a Nasarawa, ɗakinmu yana jingine da na wani tsohon soja, Ba'angashe. Shi da mahaifina sun mai da musayar kaset kamar musayar kwanon abinci. Bayan sallar isha'i sai ka ji ya leƙo, "Malam, a ba ni Shatan nan na jiya mana." Mahaifina ya ce, "Soja, sai ka dawo mini da Baturen nan mai muryar barci." Don Williams yake nufi. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta abin da yake faɗa, amma ya ce muryar mutumin kirki ce. Kaset ɗin Ɗan Maraya kuwa har aka manta na wane ne a cikinsu.

Ranar da kunne ya zama mai gadi

Ranar Juma'a 7 ga Satumba, 2001, rikici ya ɓarke a Jos. Cikin ƙasa da mako guda aka rasa rayuka kimanin 1,000. A watan Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. Aka sake yi a Nuwamban 2008, aka sake a Janairun 2010, sannan ga bama-bamai, ciki har da na ranar 20 ga Mayu, 2014, a Taminus, wanda ya kashe sama da mutum 100. An yi rubuce-rubuce da yawa kan musabbabin abin: rikicin ɗan ƙasa da baƙo, mulkin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa da aka ƙirƙiro a 1991, filaye, siyasa, addini. Ni abin da nake so in ƙara ɗan ƙarami ne, amma duk wanda ya kwana a garin a waɗannan shekaru zai gane shi.

An daina kunna kiɗa da dare. Ba doka aka kafa ba. Dalilin shi ne kunne ya samu wani aiki. Idan an sa dokar hana fita, kowa yana ɗaki, sai a kashe rakoda a kasa kunne: wancan ƙarar taya ce ta fashe ko bindiga? Waccan hayaniyar daga wace unguwa take tasowa? Mutumin da ke sauraren takun ƙafa a bayan katangarsa ba zai iya jin kuntigi ba. A ganina wannan yana cikin manyan asarorin da ba a lissafa ba, domin an ƙwace wa mutane ikon sakin jiki.

Sai kuma ƙaura. Musulmi suka tattara zuwa unguwannin da suka fi yawa, Kirista ma haka. Iyalin Soja suka bar gidanmu, ba faɗa, ba sallama mai tsawo. Tsoro ne kawai ya raba. Yaran da aka haifa bayan 2001 da yawansu sun girma ba su taɓa jin waƙar zumuntar mata ta katangar maƙwabci ba, wasu kuma ba su taɓa jin karatun asuba daga ɗakin da ke jikin nasu ba.

Wani abin mamaki, a daidai waɗannan shekaru ne yaran Jos suka mamaye kiɗan Nijeriya daga Legas: tagwayen P-Square, da M.I da ƙanensa Jesse Jagz, da Ice Prince, ga kuma Jeremiah Gyang da ya sa 'yan kudu rera Hausa. Garin da ya koya musu haɗa sautuka iri-iri, shi ne a lokacin ya kasa haɗa 'ya'yansa a benci ɗaya. Ɗan Maraya ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, cikin watan azumi. Musulmi da Kirista duk sun yi jimaminsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

To, yau me za a saurara?

Yanzu kowa da wayarsa. Ka je wurin masu tura waƙoƙi su cika maka memori, ko ka sayi data ka shiga intanet, ka toshe kunnuwanka, ba ruwanka da kowa. Zaɓi sonka ya tabbata ɗari bisa ɗari. Sai dai na'urar tana da wata ɗabi'a: abin da ka ji jiya, irinsa za ta kawo maka yau. Unguwa ta rabu, ga kunne ma yana neman rabuwa.

Ga yadda ni nake yi, ko wani zai amfana. Da farko nakan tambayi kaina wace irin gajiya ce. Idan ta jiki ce, ta zirga-zirga da cunkoson titin Ahmadu Bello, abu mai tsirkiya ɗaya ko biyu ya ishe ni: kuntigi, ko gurmin Haruna Uji, a sassauta murya. Idan ta zuciya ce, wani ya ɓata mini rai ko lissafi ya ƙi fita, Ɗan Maraya nake nema, don ya riga ni sanin halin ɗan Adam. Idan kuwa tsoro ne ko rashin wani, to ba kiɗa nake bukata ba, karatun Minshawi nake sawa in yi shiru. Nakan guji duk abin da zai sa in tashi tsaye, ko wanda zai tuna mini da siyasa; Shata na safe ne, lokacin da ake neman ƙarfin fita.

Sannan akwai abu biyu da na ɗora wa kaina. Ko sau ɗaya a mako nakan nemi wani abu daga ɗaya gefen garin, kundung ko asharuwa ko Baturen nan mai muryar barci. Kuma idan hali ya yi nakan cire abin kunne, in ajiye wayar a kan tabarma a ƙofar gida, ta yi ta yi a hankali. Sau da yawa wani mai wucewa yakan rage tafiya, wani ma ya yi sallama ya zauna, ya ce rabonsa da jin wannan tun yana yaro a Gangare ko Tudun Wada. Daga nan sai hira.

Ban ce waƙa za ta warware rikicin ɗan ƙasa da baƙo ba, ko ta sake gina kasuwar Taminus. Wannan aikin shugabanni ne da masu gaskiya. Amma garin da aka kafa a kan gumin mutane daga ko'ina, abin da ya fara haɗa su shi ne dukkansu sun gaji, kuma dukkansu suna neman inda za su zauna su huce. Har gobe wannan bai sauya ba. Mai sayar da tumatir a Farin Gada da ma'aikaciyar jinya da ke komawa Unguwar Rukuba, gajiya ɗaya suke kaiwa gida.

Kai fa, mai karatu, me kake kunnawa idan ka dawo? Kuma wa ke ji tare da kai?

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sha wahalar ramin kuza, ya zaunar da Filato da Nijeriya lafiya. A huta gajiya.